Sakatar da Aka Manta: Tarihin Takardar da Matuƙin Jirgi ke Karantawa Kafin Ya Tashi

Da safiyar Laraba, 30 ga Oktoba, 1935, wani jirgin sama mai injuna huɗu ya hau titin tashi a filin soja na Wright, kusa da garin Dayton a jihar Ohio ta Amurka. Kamfanin Boeing ne ya ƙera shi da kuɗin aljihunsa, ya sa masa suna Model 299, kuma kusan duk wanda ke filin a ranar ya ɗauka cewa gasar da rundunar sojan Amurka ta shirya domin zaɓen sabon jirgin jefa bam ta riga ta zama tasa. Watanni biyu kafin nan ya taso daga Seattle ya sauka a wannan fili cikin sa'o'i tara da 'yan mintoci, tafiyar fiye da kilomita 3,300 ba tare da ya yada zango ba. Abokan takararsa biyu, na kamfanin Douglas da na Martin, injuna bibbiyu gare su, kuma ya fi su gudu, ya fi su cin nisa, ya fi su ɗaukar kaya. Abin da ya rage masa shi ne ya kammala gwajin a sa hannu a kwangila.

Wanda ke riƙe da jirgin a ranar shi ne Manjo Ployer Hill, shugaban sashen gwajin jirage na filin, mutumin da sana'arsa ita ce hawa jiragen da ba a gama sanin halinsu ba. A gefensa akwai Laftanar Donald Putt. A bayansu kuma Leslie Tower, babban matuƙin gwaji na Boeing, wanda babu mahalukin da ya fi shi sanin wannan jirgi, sai wasu ma'aikata biyu. Da za a ce a tattaro gwanayen Amurka a wannan fanni a shekarar, da wuya a haɗa ɗaki ɗaya da ya fi wannan.

Jirgin ya ruga a kan titi, ya ɗaga kamar yadda aka saba. Sai hancinsa ya ci gaba da miƙewa sama, ya ƙi saukowa. Da ya kai tsayin kusan mita 90 gudunsa ya ƙare, iska ta daina ɗaukar fukafukansa, ya karkata, ya faɗo, ya kama da wuta. Putt da ma'aikatan biyu sun tsira da ƙuna. Hill ya cika a ranar, Tower kuma bayan 'yan makonni.

Binciken da aka yi bai sami aibu ko ɗaya a injuna ba, bai kuma sami kuskure a ƙirar fukafukai ba. Abin da ya samu ƙarami ne ƙwarai. Jirgi mai girman wannan yana da faifai masu motsi a jelarsa waɗanda matuƙi ke juyawa don ɗaga hancin jirgin ko sunkuyar da shi, kuma idan jirgin yana ajiye a fili iska kan riƙa kaɗa waɗannan faifai har ta lalata su. Don haka Boeing ya sa wata sakata da ake kullewa daga cikin ɗakin matuƙi, ta riƙe su cik har sai an zo tashi. Sabon abu ne a lokacin. A ranar ba wanda ya zare ta. Hill ya tashi da jirgin da jelarsa ke kulle, kuma duk ƙarfin da zai sa a kan sitiyari ba zai motsa ta ba.

Jirgin da ya ƙone ba ya kammala gasa, saboda haka Douglas ya ci kwangilar, aka yi odar jiragensa 133, waɗanda dama kuɗinsu bai kai na Boeing ba nesa ba kusa ba. Wasu suka fara cewa jirgin ya fi ƙarfin ɗan Adam, maɓallansa da agogansa sun yi wa ƙwaƙwalwa ɗaya yawa. Amma akwai hafsoshin da suka riga suka ga abin da jirgin zai iya, suka nemi hanya a cikin dokar saye, aka yi odar 13 a watan Janairun 1936 da sunan ƙarin gwaji. Kowa ya san cewa idan ɗaya daga cikinsu ya sake faɗuwa, shirin ya mutu.

A nan ne tarihin ya ɗauki wata hanya da ba ita ce ta farko da za ta zo wa mutum a rai ba. Abin da hukuma kan yi bayan hatsari shi ne ta ce a ƙara horo. To, wa za a ƙara wa horo? Hill shi ne mai horar da wasu. Matsalar ba rashin sani ba ce, mantuwa ce, kuma ilimi ba ya maganin mantuwa; sau da yawa ma ƙara ta yake yi, domin wanda ya yi abu sau dubu hannunsa ke yi, hankalinsa yana wani wuri. Sai matuƙan suka rubuta ɗan gajeren jeri a takarda: abin da za a duba kafin a tada inji, kafin a tashi, kafin a sauka, da bayan an sauka. Abubuwa ne da kowane ɗalibi ya sani. An saki birki? An rufe ƙofofi? An zare sakata? Mutum ɗaya ya karanta, ɗaya ya duba ya amsa. Wannan ita ce takardar bita, kuma jirage 12 da aka kai wa rundunar da ke filin Langley a Virginia a 1937 sun yi ta shawagi da ita ba tare da an rasa ko ɗaya ba. Jirgin da aka ce ya gagari mutum ya zama B-17, wanda aka ƙera guda 12,731 kafin ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Sansanin sojan sama na Hill da ke jihar Utah sunan manjon nan yake ɗauke da shi har yau.

Haka ake ba da labarin a littattafan koyar da shugabanci, kuma a nan ake tsayawa, da daɗinsa. Gaskiyar ta fi haka ɗaci. Takardar ba ta shiga jinin matuƙa a dare ɗaya ba. Matuƙin wancan zamani yana kallon kansa a matsayin jarumi mai tuƙi da jin jiki, kuma ka miƙa masa takarda ka ce ya karanta kafin ya yi abin da ya ƙware a kai, tamkar ka ce wa tsohon mahauci ya duba littafi kafin ya feɗe akuya. Yaƙi ne ya tilasta. Da Amurka ta fara kwasar samari daga gona da makaranta tana mai da su matuƙa cikin 'yan watanni, hatsarin horo a cikin gida kaɗai ya ci rayukan sojojin sama kusan 15,000 tsakanin ƙarshen 1941 da 1945, tun ba su ga abokin gaba ba. Da irin wannan asara, girman kan gwanaye ya zama abin da rundunar ba ta da halin lallashi.

Yaƙin ya kuma koyar da cewa takarda ba ta ɗauke wa maƙeri nauyinsa. An yi ta samun matuƙan B-17 da ke sauka lafiya, sannan su naɗe tayoyin jirgin yana kan titi, ya zube da cikinsa. Ana rubuta cewa kuskuren matuƙi ne, har sai da wani masanin halayyar ɗan Adam, Alphonse Chapanis, ya shiga ɗakin matuƙi ya ga cewa maɓallin tayoyi da na leɓen fiffike iri ɗaya ne sak, kuma suna dab da juna. Gajiyayyen mutum a cikin duhu dole wata rana ya kama wanda bai yi niyya ba. Aka manna wa ɗaya ɗan gurgun roba, ɗaya kuma wani abu mai siffar fiffike, matsalar ta kau. Har yau haka hannayen nan biyu suke a jirage.

Shekaru hamsin bayan hatsarin Dayton, babu jirgin fasinja da ke tashi ba tare da takardar bita ba, kuma a nan ne sabuwar cuta ta bayyana: takardar tana nan, amma ta zama al'ada. Ranar 16 ga Agusta, 1987, jirgin Northwest mai lamba 255 ya taso daga Detroit ba a buɗe leɓɓan fukafukansa ba, waɗanda ke ƙara wa jirgi ƙarfin ɗagawa a ƙaramin gudu. An sauya wa matuƙan titin tashi, hankalinsu ya rabu, suka tsallake bitar da ake yi lokacin da jirgi ke gangarawa zuwa titi. Ƙararrawar da ya kamata ta yi musu ihu ba ta samun wuta. Cikin mutum 155 da ke jirgin, yarinya ɗaya 'yar shekara huɗu ce ta rayu, kuma wasu biyu sun mutu a ƙasa. Shekara guda bayan nan jirgin Delta ya yi kuskure iri ɗaya a Dallas, mutum 14 suka mutu. Wannan ya sa hukumar NASA ta ɗauki nauyin wani nazari da Asaf Degani da Earl Wiener suka fitar a 1990, inda suka zauna a bayan matuƙa suna kallon yadda ake bitar a zahiri. Sun ga ana rera ta da ka kamar karatun yara, ana amsa "an duba" ido bai kai wurin ba. Daga cikin shawarwarinsu akwai cewa abubuwan da ke kisa su zo a farkon jeri, kafin wani ya katse, kuma mai amsawa ya faɗi ainihin abin da ya gani, lamba ko matsayi, maimakon kalma ɗaya da ta dace da kowace tambaya.

Mu ma muna da namu kason a wannan tarihi, kuma mai tsanani ne. Ranar 11 ga Yuli, 1991, jirgin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda aka yi hayarsa don jigilar alhazai a ƙarƙashin lambar Nigeria Airways 2120, ya taso daga Jidda zuwa Sakkwato. Biyu daga cikin tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, kuma an san da haka kafin ranar. Dab da tashi makaniki ya nemi iskar naitrojin da ake hura musu, ba a samu a kusa ba, kuma wanda ke kula da jigilar bai yarda a jinkirta ba. Tayoyi suka fashe a kan titi, suka kama da wuta, aka naɗe su cikin jirgin da wutarsu. Duk mutum 261 da ke ciki sun rasu kafin jirgin ya iya komawa titi. A nan ba a manta da komai ba. An duba, an gani, aka zaɓi lokaci.

Duk waɗannan manyan jirage ne, masu matuƙa biyu ko uku, da injiniyoyi, da ofishin da ke lissafa mai da nauyi, da jami'in da ke sa hannu. Idan abu ya iya zamewa ta cikin wannan taron idanu, sai a auna halin mutumin da ke tuƙa ƙaramin jirginsa shi kaɗai.

Matuƙi mai zaman kansa shi ne wanda ya sami lasisin tuƙi don buƙatar kansa, ba don a biya shi ba: likita, ɗan kasuwa, manomi mai gona a nesa, ko mai sha'awa kawai. Amurka ce cibiyarsu, inda ƙananan filayen sauka suka kai dubbai kuma yawancinsu babu hasumiyar kula da zirga-zirga. Dokar ƙasar ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce shi ne ke da alhakin tabbatar da cewa jirgin ya cancanci tashi, kuma dole ya san duk abin da ya shafi tafiyar kafin ya fara ta: yanayin sama, tsawon titi, man da zai buƙata, da inda zai nufa idan wurin da ya yi niyya ya gagara. Idan da ido zai yi tuƙi, sai ya tanadi man da zai kai shi ya kuma rage na minti 30 da rana, ko 45 da dare. Ba zai hau ba sai bayan sa'o'i takwas da shan barasa. Amma babu jami'in da ke tsaye a bakin fili yana duba ko ya yi. Shi ne injiniya, shi ne mai lissafi, shi ne mai karanta takarda, shi ne mai amsawa, kuma shi ne mai gaggawar da zai yi wa kansa ƙarya.

Yana da kyau mai karatu ya ga abin da ake yi a cikin minti goma sha biyar ɗin nan, domin kowane mataki akwai kabari a bayansa. Ɗauki Cessna 172, jirgi mai kujeru huɗu da aka fara sayarwa a 1956, wanda aka ƙera fiye da 44,000, adadin da babu wani jirgi a tarihi da ya kai. Matuƙi kan fara daga ciki: ya zare sakatar sitiyari, ya tabbatar makunnin inji a kashe yake, ya duba takardun jirgin. Daga nan ya zagaya jirgin ta hanya ɗaya kullum, ba ya sauya ta, don kada ƙafa ta tsallake abin da ido bai gani ba. Yana taɓa kowane faifai mai motsi, ya duba ƙusoshinsa, ya shafa farfela da hannu yana neman tsaga ko gurbin tsakuwa, ya duba taya da birki, ya zaro sandar auna baƙin mai, ya kwance igiyoyin da aka ɗaure jirgin da su.

Sai mai. Agogon mai na ƙaramin jirgi ba abin rantsuwa ba ne, don haka sai ya hau ya buɗe murfin tanki a saman fiffike ya leƙa, ko ya tsoma sanda. Sannan ya ɗauki ɗan kofi mai haske ya tsiyayi mai daga ƙasan kowane tanki, ya ɗaga shi ga rana. Man waɗannan jirage shuɗi ake rina shi da gangan. Ruwa ya fi mai nauyi, don haka idan ya shiga, ko ta murfin da robarsa ta tsufa a lokacin damina, ko ta raɓar da ke taruwa a tankin da aka bari rabi, zai kwanta a gindin kofin kamar ƙwayar gilashi. Idan kuma launin ya koɗe ko warin ya koma na kananzir, wataƙila an zuba masa man jirgin jet, wanda zai bar injin ya tashi lafiya sannan ya kashe shi bayan an bar ƙasa. Sababbin samfurin 172 suna da wuraren tsiyaya har 13. Mutum mai sauri zai ga sun yi yawa, amma ruwa ba ya zaɓar inda zai kwanta don ya sauƙaƙa wa kowa, kuma injin da ya sha ruwa ya fi yawan mutuwa ne a daƙiƙun farko bayan tashi, lokacin da jirgi ba shi da tsayi, ba shi da gudu, kuma titin ya riga ya wuce. Direban mota idan inji ya mutu sai ya gangara gefen hanya ya kira makaniki. A sama babu gefen hanya.

Akwai kuma wani ɗan siririn bututu a ƙarƙashin fiffike, wanda iska ke shiga ta bakinsa agogo ya gaya wa matuƙi gudunsa. Babban maƙiyin wannan bututu tsohon sananne ne ga duk wanda ya tashi a gidan ƙasa: zanzaro. Rami yake nema ya cika da laka, kuma bai damu ko na bango ne ko na jirgin dala miliyan ba. A watan Fabrairun 1996 jirgin Boeing 757 na kamfanin Birgenair ya faɗa teku bayan tashi daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka mutu. Jirgin ya yi kusan makonni uku a ajiye, an kuma bar bututansa a buɗe na wani lokaci, kuma masu bincike sun fi zargin gidan irin wannan ƙwaro. A Brisbane ta Ostireliya, a 2013, zanzaro ya toshe bututun wani babban jirgi cikin sa'o'i biyu kacal da ya yi a ƙasa. Sai filin ya koma rufe bututan da murfi, kuma a 2018 wani jirgin ya tashi daga can da murafen a jikinsa, domin ba wanda ya cire su. Kowane maganin da aka ƙirƙiro yana zama sabon layi a takarda.

Kafin ya hau titi, matuƙi kan tsaya ya taka birki ya ƙara wa inji wuta. Injin yana da na'urorin ba da tartsatsi guda biyu masu zaman kansu, sai ya kashe ɗaya ya saurari ɗaya, ya ga ko juyin injin ya ragu fiye da ƙima. Sannan ya juya sitiyari iyakar dama da hagu, ya ja shi ya tura, ya taka fedoji, yana waiwaye yana kallon faifan suna amsawa ta inda ya dace. Daƙiƙa goma ke nan, kuma ita ce gadon Manjo Hill.

Sauran bitar ba ta jikin jirgi ba ce. Nauyi nawa aka ɗora, kuma a ina aka ɗora shi? Jirgin Cessna 402 da ya faɗi a Marsh Harbour ta Bahamas ranar 25 ga Agusta, 2001, da mawaƙiya Aaliyah da wasu mutum takwas, an yi masa lodin da ya wuce ƙa'ida da kilo kusan 300, kuma nauyin ya rinjaya baya. Zafi nawa ake yi? Iska mai zafi sakayau ce, fiffike da inji ba sa samun abin kamawa, don haka titin da ya isa da asuba ba lallai ya isa da azahar ba. Sannan tambayar da ta fi kowace wuya, wadda mutum ke yi wa kansa: na yi barci? ina shan wani magani? lasisina da gogewata sun kai ga wannan jirgi, a wannan lokaci, a wannan yanayi? Lokacin da Gwamna Danbaba Suntai na Taraba, wanda ya koyi tuƙi a kwalejin Zariya, ya faɗi da jirgin Cessna 208 kusa da Yola ranar 25 ga Oktoba, 2012, rahoton hukumar binciken hatsarin jirage ta Najeriya ya tsaya ne a kan irin waɗannan tambayoyi: izinin tuƙa wannan samfurin jirgi, da tafiyar tuƙi da ido da ta kai bayan faɗuwar rana. Babu agogon da ke nuna waɗannan a ɗakin matuƙi, kuma idan mai jirgin babban mutum ne, da wuya a sami wanda zai ce masa da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mutum zai zaci sababbin matuƙa ne ke faɗawa wannan rami. Ɗalibi kuwa tsoro ke riƙe da shi. Yana bin takarda layi-layi da yatsa. Waɗanda tarihin ya fi ambata gwanaye ne.

John Denver, mawaƙin Amurka, yana da sa'o'in tuƙi fiye da 2,700 lokacin da ya sayi wani ɗan jirgi samfurin Long-EZ, irin wanda mutane ke harhaɗawa da hannu a gida. Wanda ya harhaɗa shi ya sa hannun sauya tankin mai a bayan kafaɗar hagu ta matuƙi, inda ba a kai wa gare shi sai an murɗa jiki, kuma ma'aunin man yana baya, sai da madubi ake ganinsa. Ranar 12 ga Oktoba, 1997, a Monterey ta California, an yi masa tayin ƙara mai, ya ce tafiyar ta kusan sa'a guda ce. Tankin da yake sha ya ƙare a kan teku. Hukumar binciken hatsari ta Amurka ta kammala cewa da ya juya don kama hannun, ƙafarsa ta danne feda ba da niyya ba, jirgin ya kife cikin ruwa. Ta lissafa rashin shan mai kafin tashi a cikin dalilan, tare da wurin da aka sa hannun. Laifin maƙeri da na matuƙi suka haɗu, kamar a zamanin Chapanis.

Na Bedford ya fi ba ni tsoro, domin ya nuna abin da ke faruwa a ranakun da ba a yi hatsari ba. Ranar 31 ga Mayu, 2014, jirgin alfarma samfurin Gulfstream IV ya zo tashi daga filin Hanscom a jihar Massachusetts, ɗauke da Lewis Katz, ɗaya daga cikin masu jaridar Philadelphia Inquirer, da baƙinsa. Matuƙan biyu ƙwararru ne, sun shekara fiye da goma suna tuƙi tare. Ba su zare sakatar iska ba. Kamfanin ya ƙera jirgin ta yadda idan sakatar na kulle ba za a iya ba inji cikakkiyar wuta ba, amma wannan kariya ba ta yi aikinta yadda aka tsara ba. Jirgin ya kai gudun tashi ya ƙi ɗagawa, suka ɓata daƙiƙu suna kokawa da sakatar maimakon su tsaya, ya zarce titi ya faɗa kwari ya kama da wuta. Mutum bakwai suka mutu. Da masu bincike suka buɗe na'urar da ke adana bayanan tafiye-tafiyen jirgin, sai suka ga cewa cikin tashi 175 da suka gabata, sau biyu kacal matuƙan suka yi cikakken gwajin sitiyari. Sau 173 sun tsallake, sau 173 sun sauka lafiya, kuma kowace sauka lafiya ta ƙara tabbatar musu cewa gwajin ɓata lokaci ne. Sabo turken wawa, in ji Bahaushe, sai dai waɗannan ba wawaye ba ne, kuma wannan shi ne abin damuwar.

Asibitoci sun ari dabarar, kuma sun gamu da darasi iri ɗaya. Takardar bita mai layi 19 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar don ɗakin tiyata, ƙarƙashin jagorancin likita Atul Gawande, ta rage mace-mace daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari a asibitoci takwas da aka gwada ta, kamar yadda aka wallafa a 2009. Da lardin Ontario na Kanada ya wajabta ta ga asibitocinsa, nazarin da ya fito a 2014 bai ga wani canji na a zo a gani ba. A ganina bambancin a bayyane yake: a wuri na farko mutane sun tsaya sun duba, a na biyu an ƙara wa ma'aikata wata takardar cikewa. Duk wanda ya taɓa aiki a ofishin da ake sa hannu a rajistar "an duba janareta" ta mako guda a zama ɗaya ya san wannan bambanci.

Dale Snodgrass tsohon kyaftin ne na sojan ruwan Amurka, wanda ya fi kowa sa'o'i a jirgin yaƙi samfurin F-14, kusan 4,800, kuma bayan ritaya ya shafe shekaru yana wasan nuna gwaninta da jirage a gaban dubban 'yan kallo. Ranar 24 ga Yuli, 2021, yana da shekara 72, ya hau ƙaramin jirginsa ƙirar Italiya, SIAI-Marchetti SM.1019, shi kaɗai, a filin Lewiston na jihar Idaho. Sakatar wannan jirgi tana kulle sandar tuƙi amma tana barin fedoji su yi aiki, don haka ya gangara har bakin titi ba tare da wani abu ya nuna masa akwai matsala ba. Jirgin ya ɗaga, hancinsa ya miƙe sama ya ƙi saukowa, gudu ya ƙare, ya karkata hagu, ya faɗo ya kama da wuta. Rahoton hukumar bincike ya ce bai zare sakatar ba, bai kuma gwada sandar kafin tashi ba. Tsakanin wannan safiya da ta filin Wright shekara 86 ne, saura 'yan watanni.